Jan Ɗigo a Ƙofar Gidan Inna

Shekarar da dutsen garinmu ya shiga taswirar waya, ni ce kusan ta ƙarshen ji, alhali duk cikin 'ya'yan Inna ni ce mai yawan zuwa gida. Ina koyarwa a wata firamare a Kazaure. Ƙauyenmu yana can tsakanin Roni da Gwiwa, a gindin duwatsu, inda in ka sauka daga kwalta sai ka riƙe ɗan acaɓa da kyau ka yi ta salati. Tun rasuwar Baba, Inna ce kaɗai a gidan. Ita da awakinta, sai wata kaza mai mugun hali da ba ta taɓa ganin mutuncin kowa ba.

Yayanmu, ɗan farin Inna, yana sayar da hatsi a Babura. Mutum ne mai zuciyar yi, sai dai in ya yanke magana ko da gatari ba ka tsaga ta. Ya gina wa Inna ɗaki a gidansa, da tayil da fanka da banɗaki a ciki, ya ce da an yanke gero za a kwaso ta.

"Babu kowa a wurin nan," haka yake ce mini a waya. "In ta faɗi a tsakar gida, wa zai sani? Kaza?"

Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Amma na san Inna ba ta son tafiya, na kuma san ba za ta taɓa gaya masa ba. A gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Kakarmu Bafulatana ce, ita ta raini Yaya, kuma tun da Inna ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta zaman hira da shi. In ya shigo gidan sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, ya durƙusa a bakin ƙofa, su gaisa ta bayan labule kamar surukai. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin Babura". Ni ce auta, don haka ni ce 'yar aike.

"Ki gaya wa mutumin Babura, ni da gidan nan sai a makara."

Ni kuma in na kira shi sai in ce, "Yaya, Inna ta ce tana tunani." Wa zai kai wa Yaya saƙon makara?

Ana cikin haka wata Juma'a da damina na sauka a ƙofar gida, na ga mota fara a fake a gindin darbejiyarmu. A ƙauyenmu mota ba ta zuwa ƙofar mutum sai da dalili, kuma dalilin ba ya cika zama mai daɗi. Na kutsa zaure da gudu, takalmi ɗaya a hannu. Me zan gani? 'Yan mata cikin leshi da gwaggwaro, ɗaya ta riƙe taɓaryar Inna tana murmushi, ɗaya tana ɗaukarta hoto, turmin kuma babu ko ƙwayar gero a ciki. Inna na zaune a kan tabarma, baki har kunne, tana ba da umarni.

"Ɗaga hannun sosai, 'yar nan! Wa ya ce miki haka ake daka? Sai ka ce mai korar sauro."

Sai da suka tafi na samu bakin zaren. A bayan garinmu akwai wani kwarmi tsakanin duwatsu, inda ruwa ke taruwa da damina, ga kanya ta yi masa rumfa, ga rema suna shan hantsi a kan falalen dutse. Nan muke wanki muna yara. Ban taɓa zaton akwai wanda zai ƙona man mota don ya zo ya kalli inda na wanke zannuwan Inna ba. To ashe wasu ɗalibai sun zo, wurin ya burge su, suka yi hotuna, suka ce sai sun sa shi a taswira don wasu ma su zo. A cikin kwarmin babu sabis ko na magani. Duk garinmu wuri ɗaya sabis yake sauka: wani ɗan tudun toka a ƙofar gidanmu, daidai inda duwatsu biyu suka rabu suka bar kafa ta fuskar Roni. Kowa a garin in zai yi waya nan yake zuwa ya tsaya ya ɗaga hannu sama. Ɗaliban nan suka hau tudun, sabis ya kawo, suka danna. Waya kuwa ba ta san kwarmi ba, inda ƙafarsu take ta sani.

Tun daga ranar, duk wanda ya nemi dutsen a wayarsa, muryar matar nan ta cikin waya sai ta rako shi tiryan-tiryan, ta gonaki da burtali, ta ajiye shi a zauren Inna, ta ce masa ya iso.

Baƙin farko, Inna ta ɗauka masu ta'aziyya ne da labarin rasuwar Baba ya riske su a makare. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta ɗan matse ƙwalla, ta ba su labarin jinyarsa daga farko har ƙarshe. Bayin Allah suka rasa yadda za su yi, suka ɗaga hannu suka yi wa mutumin da ba su taɓa gani ba addu'a mai tsawo. Sai da aka shafa, ƙaraminsu ya yi ƙarfin hali ya ce, "Inna, don Allah ta ina ake zuwa dutsen?" Tana ba ni labarin tana dariya har da buga cinya. Rabon da in ji wannan dariyar tun Baba na da rai.

Kafin wata ya zagayo Inna ta mai da abin sana'a. Ta sayi sabuwar randa ta ajiye a zaure. Tambayoyinta ba sa canzawa: daga ina, ya hanya, an ci abinci? Sai ta miƙa ruwa a moɗa. Sai an sha sannan take nuna hanya: a bi ta bayan rumbu, a wuce kuka, kuma wanda ya taka gyaɗar maƙwabci shi da Allah. A dawowa ma nan ake yada zango, ƙafafu duk laka, ana nuna mata hotuna tana kushe su. Ta san ranakun kowa. Juma'a bayan masallaci ma'aikata ne, masu manyan riguna da ƙafar da ba ta saba hawa ba. Asabar ɗalibai ne a kan babura, su uku-uku, da yunwa kamar fara. Bayan Sallah angwaye da amare ne, amarya na tattare lifaya tana tsoron ƙadangare. Akwai kuma waɗanda ba dutsen suke zuwa gani ba, wajen Inna suke zuwa.

Babbansu wani tela ne daga Kazaure, mai ƙaton ciki da murya kamar ta mai shela. Zuwan farko hoto ya kawo shi. Ya ce Inna na yi masa kama da mahaifiyarsa da ta rasu, daga nan ya naɗa kansa sarkin ƙofa ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Duk Juma'a yana nan da ledar lemo, shi ke tarar baƙi, shi ke nuna inda ake cire takalmi, shi ke faɗa da kazar nan. Ya san ni, ya san awaki ɗaya bayan ɗaya, amma bai taɓa haɗuwa da Yaya ba.

Ni duk wannan ban gaya wa Yaya ba. Jira nake in samu hujjar da ba zai iya turewa ba, sai ga ta ta zo da ƙafarta.

Wata ma'aikaciya ce daga ofishin masu kula da gandun daji, da malfa a kan mayafi da takalmi irin na sojoji. Ta ce ana duba duwatsun yankinmu ko za a keɓe su a riƙa kula da su kamar manyan gandayen da ake zuwa yawon buɗe ido, kuma kafin a yi komai sai an san inda mutane suke zuwa da inda suke daɗewa. Ta zauna kusa da Inna ta buɗe wata faffaɗar waya. Ta ce wayoyin mutane suna barin sawu, ba da suna ba, ɗigo kawai. Inda aka ratsa aka wuce sai ya yi kore, inda aka ɗan tsaya ya yi rawaya, inda aka baje aka manta da tafiya ya yi ja. Muka leƙa. Ga hanyar gari siririya koriya, ga kwarmin da 'yar rawayarsa. Sai ga wani ɗigo a gefe, jawur, ya kumbura kamar tumatirin Kazaure.

"Wannan fa?" in ji Inna.

"Shi ya kawo ni, Inna. A ofis mun ɗauka wani tsohon wurin tarihi ne. Gidanki ne."

Inna ta dafe ƙirji. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta miƙe zaune sosai kamar za a ɗauke ta hoto. "Daga sama ake ganinmu? To ai da kin aiko tun jiya na yi shara!"

Tela, da yake nan zaune, ya faɗi gefe yana riƙe ciki. Ma'aikaciyar ma sai da ta cire malfa ta yi fifita. Ta ce in sun gama aikinsu za a mayar wa kwarmi da alamarsa, amma ita ba ta ga alamar mutanen nan za su daina tsayawa a zauren nan ba. Ni kuwa murna ta hana ni zama. Na ɗauki hoton jan ɗigon, na haye tudun toka, na ɗaga hannu sama na tura wa Yaya. Na rubuta a ƙasa: "Ga wurin da ka ce babu kowa." Har rawa na taka a kan tudun, akuya na kallona.

Ban sauko ba wayar ta yi ƙara.

"Malama," in ji shi. In Yaya ya ce mini Malama, to ba lafiya. "Wato uwarmu ta zama abin kallo, kina gani kina tafi? Duk wanda ya ga dama ya kwaso ƙafa ya shiga gidan ubanmu? Ba sai an yanke gero ba. Juma'a ta sama ina zuwa da mota."

Na shiga gida ina jan ƙafa na gaya wa Inna. Ta ce, "Ki gaya wa mutumin Babura..." sai ta tsaya, ba ta ƙarasa ba. Ta tashi ta kwashe ruwan randar zaure ta ba awaki, ta wanke ta tas, ta sake cikawa. Ko tsinke ba ta ɗaure ba. Na koma Kazaure da baƙin ciki, ina jin haushin yatsan da ya tura hoton.

Ranar Juma'a ana saukowa daga masallaci ya biyo ya ɗauke ni. Ƙaramar bas ya yi haya, an cire kujerun baya, ga igiya an naɗe a ƙasa. Direban ɗan Babura ne, hanyoyin Nijar ya sani kamar tafin hannunsa, amma bai taɓa shiga yankinmu ba. Na zauna a kan taya a baya ina kallon igiyar nan, raina a jagule.

Da muka zo inda ake barin kwalta, Yaya ya nuna tsohuwar hanya, wadda ta bi ta gindin kuka.

"Yaya, hanyar nan fa..."

"Ni za ki koya wa hanyar gidanmu? Kina goye nake kai niƙa ta nan."

Tun daminar bara kwari ya cinye hanyar. Yaya na aiko da shinkafa da mai da magani ba fashi, amma ni nake kaiwa, shi rabonsa da garin tun sadakar arba'in ɗin Baba. Muka tafi muka tafi, sai ga mu a bakin rami mai zurfin da zai haɗiye bas ɗin har da mu. Direba ya taka birki ya yi salati. Yaya ya leƙa, ya gyara hula, ya ce ai ya sani, so yake ya ga yadda wurin ya koma.

Aka yi baya. Gero ya fi motar tsawo ta kowane gefe, ko dutsen ba a hangowa. Yaya ya ce a yi dama. Damar ta kai mu wata ruga, karnuka suka rako mu da haushi. Ya ce a yi hagu. Hagun ta ƙare a tsakiyar gonar wake. Akwai wani jaki ɗaure a bakin wata gona, da muka sake wuce shi har ya daina ɗaga kai. Ni a baya na cusa mayafi a baki, hawaye na zuba, kafaɗuna na rawa. Duk baƙin cikin da na taso da shi ya bi iska. Na san hanyar sarai, amma an ce kada in koyar, ni kuma yarinya ce mai biyayya.

Da ƙyar muka koma kwalta. Yaya ya share gumi, bai waiwayo ba, ya ce wa direba, "Kai, buɗe wannan abin naku na waya."

"To Alhaji, me zan rubuta? Garin ba ya fitowa."

Na cire mayafi daga baki, na ce cikin ladabi, "Rubuta dutsen."

Haka matar cikin waya ta karɓi ragama. Ta ce dama, aka yi dama. Ta ce a miƙe, aka miƙe. Ta bi da mu ta sabuwar hanyar da tayoyin baƙi suka fitar, ta ajiye yayana a ƙofar gidan da aka haife shi, ta sanar da shi da Turanci cewa ya iso.

Ƙofar gida cike take. Babura a jere, mota biyu, wasu samari a kan tudun toka hannuwa a sama. Yaya ya sauko fuska a murtuke. Ni kuma na tsaya neman takalmina, da gangan. Kafin ya kai zaure tela ya tare shi da hannu biyu.

"Lale, Alhaji! Zuwan farko ke nan, ko? Ai na gani a fuska. To bari ka ji, nan ba dutsen ba ne, kowa haka yake yi. Amma ba a wucewa sai an gai da Inna. Takalmi a nan. Ka yi hankali da kazar can, ba ta da kunya."

Yaya ya waiwayo yana nemana, ni kuma na duƙufa ina nazarin wata akuya. Tela ya kama hannunsa ya ja shi ciki yana ba shi tarihin gidan, har da nuna masa rumbun da Yaya da kansa ya yaɓa yana saurayi.

Inna na zaune a ƙarƙashin rumfa, mata da yara kewaye da ita. Na tsaya a bakin zaure ina jiran in ga ta ja mayafi ta shige ɗaki kamar kullum. Na san in labulen nan ya sauka, an gama, sai ɗaurin kaya.

"Inna," in ji tela, "ga wani sabon baƙo na kawo miki."

Hannunta ya kai ga mayafin. Sai ya tsaya. Ta ɗago kai, ta dubi Yaya, duba na sosai, irin wanda take yi wa kowane baƙo. Tun da nake ban taɓa ganin haka ba.

"Maraba da baƙo. Daga ina?"

Yaya ya durƙusa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Daga Babura."

"Babura! Ai ina da mutum a can. Mai hatsi ne, wataƙila ka san shi. Yaron kirki, bai taɓa barina da yunwa ba. Sai dai taurin kai, na ubansa ya kwaso."

Mata suka kwashe da dariya, tela ya fi kowa. Yaya ya sunkuyar da kai.

"Tunda can za ka koma, zan ba ka saƙo, don 'yar aikena ba ta kai magana yadda aka ba ta." Ta ɗan harare ni. "Ka ce masa ɗakin da ya gina na ji labarinsa, Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa. Amma nan aka kawo ni amarya. A ɗakin can na haife shi. Ka ce ina roƙonsa ya bar ni a inda nake. In kewa ta ce ke damunsa, ƙofa a buɗe take, kowa ma zuwa yake."

Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Tela ya dubi Yaya, ya dubi Inna, ya dube ni, sai na ga idonsa ya fara girma.

"Ya hanya?" in ji Inna.

"Na ɓata, Inna."

"Ba komai. Duk wanda ka gani a nan ɓatan hanya ne ya fara kawo shi."

Ta ɗebo ruwa a moɗa, ba ta ba ni in miƙa ba, ta miƙa masa da hannunta. Yana sha tana kallonsa, tun daga hula har gemu, a hankali, ba ta ko ƙiftawa. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe baƙon namu har ya yi furfura."

Yaya ya sake ɗaga moɗar. Ya kafa kai a cikinta ya daɗe, alhali na san ruwan ya ƙare. Ni dai na juya na fita, don kuka ya zo mini kuma ba na son a gani.

A waje na tarar da tela zaune a kan dakali ya dafe kai da hannu biyu. "Malama, ɗanta ne? Ɗan farinta na nuna wa inda ake cire takalmi? Ni yau ina zan sa kaina?" Sai ga ni ina kuka ina dariya lokaci guda, har samarin kan tudu suka sauke hannu suna kallona.

Yaya bai fito ba sai bayan la'asar. An ce har tuwo ya ci, kuma kazar ta sare shi a ƙafa. Direba ya taso da igiya a hannu.

"Alhaji, a fara fito da kayan? Yamma na yi."

Yaya ya dubi igiyar kamar bai taɓa ganinta ba. Ya nuna wasu ɗalibai da babur ɗinsu ya ƙi tashi. "Ɗaure musu wancan, mu sauke su a Kazaure."

Sannan ya hau tudun toka da babbar rigarsa, ya laluba aljihu, ya ɗaga wayarsa sama yadda ya ga ana yi. Da sabis ya kawo, ya miƙo mini ita ba tare da ya kalle ni ba.

"Auta," ya ce, "sa mini alamar gidan nan a tawa."